Malamin Noma a Bakin Kanal

Sunana Mika'ilu. A wani ƙauye kusa da Bunkure aka haife ni, a gidan manoman shinkafa, kuma ban ɓoye wa kowa ba: tsoron taɓo ne ya sa na riƙe karatun boko da hannu biyu. Da na gama kwalejin horar da malamai, sai aka turo ni firamaren garinmu, aka ce in koyar da darasin noma.

Na daɗe ina zana shinkafa a allo da alli, alhali ga ta can kore shar ta taga. Wata rana wata ɗaliba, Ummul-Khairi, ta ɗaga hannu da ladabinta ta ce, "Malam, wannan shinkafa ce ko albasa?" Ranar na yanke shawarar fita da ɗalibaina waje.

Shugabar makarantarmu, Malama Bilkisu, ta dube ni ta saman tabarau. "Malam Mika'ilu, idan yaro ya faɗa kanal, kai za ka ciro shi?" Ban iya iyo ba, ta kuma sani. Iyaye su ma suka taso. Alhaji Giɗaɗo, wanda jikokinsa ke ajina, ya tare ni a ƙofar masallaci ya ce, "Ɗana, mun kai su makaranta don su huta da gona, kai kuma za ka maido mana su?" Wasu kuma tsargiya suke tsoro, da gaskiyarsu.

Na yi ta bin gidaje ina rantse-rantse. A ƙarshe aka amince, bisa sharaɗin ba wanda zai tsoma ƙafa a ruwa, kuma Alhaji da kansa zai raka mu. Na samo doguwar igiya, kowane yaro ya riƙe, muka jera zuwa ƙaramin kanal na bayan makaranta, ina gaba ina ta kashedi.

Niyyata in nuna musu yadda tiyo ke janyo ruwa daga kanal zuwa gona ba tare da inji ba. Na tsoma bakin tiyon guda a ruwa, na kafa bakina a ɗayan, na zuƙa da ƙarfi irin na mai son burge jama'a. Ruwan ya taho kuwa, amma cikina ya nufa. Na ƙware, na ja da baya ina tari, santsi ya kwashe ni, sai ga ni zaune daɓas a fadamar wani, farar shaddata ta koma kalar ƙasa.

Yara suka saki igiya don dariya. Alhaji Giɗaɗo ya miƙo mini sandarsa yana share hawayen dariya.

Abin mamaki, darasin ya shiga. Suka yi ta gardama kan dalilin da ya sa ruwa ya hau tudu kafin ya gangara, har aka tashi ba su daina ba. Labarin ya zaga gari, iyayen da suka ƙi da farko suka fara tambayar yaushe za a sake fita, wataƙila don kada a ba su labari.

Daga baya Alhaji ya ba mu aron wani ɗan fili a gefen gonarsa. Yanzu kowace Laraba can muke, muna dasa tumatir da latas, muna auna tsayin tsiro da zare. Maƙwabtan makarantu ma sun fara turo malamansu su gani. Idan sun zo, yaran ne ke nuna musu aikin tiyo. Ni an ɗora mini riƙon igiya.