Hoton Bakin Jirgi

Ni abin da na sani game da jirgin ruwa, ana shigarsa don a ƙetare. Idan gulbi ya cika za mu biki Bakura, kana zaune a kwalekwale kana hangen inda za ka sauka. Shi ya sa da ta ce mini in mun gama Umara za mu shiga jirgi daga Jidda, na tambaye ta ina za mu.

"Ba ko'ina, Hajiya. Yawo za shi yi da mu bisa teku, shi maido mu."

"To, mi za mu ɗauko?"

Ta yi dariya ta ce hutawa. Na ce ban gaji ba.

Mai wannan magana ɗiyata ce ta fari. A wurinmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi, ba ta cin abinci kwano ɗaya da shi. Haka na ga uwata ta yi da babban wanmu, ban taɓa jin ya yi ƙorafi ba. Ranar da aka yaye yarinyar, yayata ta zo Mafara ta goya ta, ta tafi da ita garin Kaya. Ita take kira Inna. Ni kuwa ta taso tana gaishe ni a durƙushe kamar baƙuwa, sai da na sauke farali ta sami abin kirana, Hajiya. Idan zan ambace ta, ta Kaya nake cewa. Ta yi karatu, ta zama malamar asibiti, aiki ya kai su Jidda ita da mijinta. Yayata ta rasu da damina, da rani sai ga takardun tafiyata.

Sai a bakin jirgin na lura mu biyu ne rak. Ba mijinta, ba 'ya'yanta. Na tambaya, ta ce suna gida, wannan tafiya tamu ce. Abin ya tsaya mini a rai, don ban taɓa zama da ita ba tare da wani a tsakani ba.

Jirgin gari ne guda, bene kan bene. Kafin a shiga akwai mai hoto a ƙofa, kowane iyali sai ya tsayar da su. Ya yi ta yi mana alama da hannu mu matso kusa. Na ji hannunta ya doso kafaɗata, na gyara mayafi na ɗan ja gefe. Ya ɗauka a haka.

Ɗakinmu gado biyu ne dab da juna. Na duba ƙofa ko tana kulluwa, na leƙa bayi na ga ba buta, na ciro tawa daga jaka.

"Har buta kika ɗauko daga Mafara?"

"Da na dogara da mutanen jirginki da yanzu ina ina?"

Ta kwanta tana dariya, ƙafafunta na lilo kamar na yarinya. Mace mai 'ya'ya a makarantar gaba. Na kusa in ce ta tashi ta zauna daidai, sai na ga yatsun ƙafarta irin nawa ne, na kau da kai.

Kafin jirgi ya tashi aka buga ƙararrawa, aka tara mu duka ana koya mana abin yi in ruwa ya ci jirgi. Kowa da wata riga mai kauri da ke hana nutsewa. Na ce ba ni sa ta, ga ni kamar tulu. Ta ce doka ce. Ta zura mini ita, ta durƙusa a gabana tana ɗaure igiyar a ƙuguna. Ina kallon tsakar kanta. Akwai furfura, ba ma kaɗan ba. Ban san yaushe ta fito ba.

Kusa da mu akwai wata 'yar Kano, matar wani ɗan kasuwa, ta ji Hausa ta matso da murna. Muka gaisa har da tambayar mutanen gida. Ta dube ni, ta dubi wadda ke durƙushe.

"Hajiya, 'yarki ce ko? Wallahi kamar an tsaga kara."

"Ɗiyar yayata ce," na ce.

Da a Mafara ne, kowace tsohuwa ta san abin da nake nufi, sai ta yi murmushi ta ce Allah ya raya. 'Yar Kano yarinya ce, ta ɗauka hakanan ne. Ta juya ga ta Kaya ta ce, "Kai, Allah ya yi miki albarka, irin wannan ko 'yar ciki sai haka." Hannun da ke ƙuguna ya tsaya. Sannan ya ƙarasa ɗaurin, ya ja igiyar ya ga ta kama.

Duk da haka ta Kaya ba ta haƙura ba. Da la'asar jirgi ya yi ƙara ya fara janyewa, mutane suka cika sama suna ɗaga wa gari hannu. Ta samo mana kujeru can gefe inda ba kowa. Tun ina gida ta roƙe ni in taho mata da hoce, gurasar dawa ta wajenmu, ashe ta ɓoye shi don wannan rana. Ta marmasa shi da ƙuli a kwano ɗaya, ta ajiye tsakaninmu, ta wanke hannu.

"Inna, bisimilla."

Ban taɓa jin ta kira ni haka ba. Na waiga, kamar yayata na tsaye bayana. Na dubi hagu da dama. Babu wanda ya san ni, babu mai kai labari Mafara, ƙasa ma ta fara ɓacewa. Na ga duk wannan sarai, ni da abu ba ya wuce mini. Amma bakina ya riga ya saba.

"Zuba mini nawa daban."

Ta tashi ta samo wani kwano. Ta zuba mini mafi yawa, ta juya kujerarta wajen ruwa ta ci nata. Da magariba ta duba wayarta ta nuna mini alƙibla, don jirgin ya karkata. Ta ce, "Nan ne, Hajiya."

Sauran kwanakin ba abin da na rasa. Abincina daban, a kan lokaci. Ta gaishe ni a durƙushe, ta wanke mini kaya, ta fita ta bar mini ɗakin. Na yi ta jira ta sake ajiye kwano ɗaya. Na ma shirya abin da zan yi, in wanke hannu kawai ba sai na yi magana ba. Ba ta sake ba.

Har yau ba ta fasa kirana a waya. Hajiya ina kwana, Hajiya ya ƙafar. Ƙannenta suna shigo mini ɗaki su haye gadona suna Inna kaza Inna kaza, ina korarsu.

Hoton da na tarar a jakata bayan na dawo yana rataye a bango. Mu biyu, ita hannunta a sama bai sauka ko'ina ba, tsakaninmu wurin da mutum zai tsaya. Kwanaki wata mai tallar nono daga Morai ta shigo shan ruwa, ta tsaya tana kallonsa, ta ce wace ce wannan.

Na ce tawa ce, ita ce ta fari.

Ta ce masha Allah, ta ɗauki ƙwaryarta ta fita.