Masar da Ta Kusa Rushe Mana Shari'a

Akwai ranar da ko na tsufa har na fara rikita sunayen jikokina, ita kam ba za ta fita daga kaina ba. Ita ce ranar da mahaifiyata ta zo kotu don ta ga yadda nake aiki, ta kusa komawa gida da aikin nawa a cikin kwanon masa. Yanzu idan na ba da labarin dariya nake yi har da hawaye, amma a ranar wallahi ko murmushi ban iya ba.

Ni lauya ce a New York, kuma aikina shari'ar mallakar fasaha. Wani kamfani ya ƙirƙiro wata dabara a waya ko kwamfuta, hukuma ta ba shi takardar shaidar cewa tasa ce, sai wani ya ɗauka ya yi amfani da ita ba da izini ba, to nan ne ake nemanmu. Na sha yi wa Inna wannan bayani tun ina makaranta. Ita 'yar Maraɗi ce, tana da shagon atamfa da turaren wuta a Harlem, kuma ta taƙaita aikin nawa yadda ya yi mata daidai. Duk wadda ta shigo sayen turmi sai ta ji cewa, "Ɗiyata shari'ar ɓarayin dabara take yi." Na daina gyara mata, don in an duba da kyau ba ta yi ƙarya ba.

Na yi shekaru a ofishinmu ina aikin bayan fage. Ni ce karatun takardu, ni ce shirya tambayoyi, wani ya tashi a gaban alƙali ya yi su. Sai a wannan shari'ar ogana, wani dattijon Bature da ya tsufa a cikin kotuna, ya ce ni zan yi wa babban injiniyan ɗaya ɓangaren tambayoyi. Muna kare wani ƙaramin kamfani ne da ya ƙirƙiro hanyar aika bidiyo a waya ko da sabis ba shi da ƙarfi, wani babban kamfani ya kwashe dabarar. Masu ƙaramin kamfanin sun zuba duk abin da suka mallaka a shari'ar. Idan ta rushe aka ce a sake daga farko, ba su da ƙarfin sake ta, ni kuma ban san ranar da za a ƙara ba ni irin wannan dama ba.

A nan ba alƙali kaɗai ke yanke irin wannan hukunci ba. Ana zaɓo mutanen gari, direba, malamar makaranta, mai aikin jinya, su zauna su saurari shaidu, su ne za su ce wane ne mai gaskiya. Juri ake ce musu. Kuma dokar da ke kansu mai tsauri ce: lauya ko danginsa ko wani nasa ba ya yi musu magana, ba ya ba su ko ruwa. In kun haɗu a lif, kai da bango za ka yi hira.

Da na gaya wa Inna zan tashi a gaban kotu, ta ce ko da rarrafe sai ta zo. Na zaunar da ita na jera mata sharuɗɗa. Ta hau jirgin ƙasa mai lamba huɗu daga unguwarsu Morris Heights kada ta sauka sai can ƙasan Manhattan inda kotun take, ta bar waya a wajen masu gadi, ta zauna a bencin baya, kuma don girman Allah ko na burge ta kada ta yi guɗa. Ta ce ta ji. Zancen juri kuwa bai ko zo mini a rai ba, don wa zai yi tunanin tsohuwar da Turancinta bai wuce na ciniki ba za ta sami abokin hira a kotun tarayya?

Ranar ta zo, aka yi zaman safe, ina ta waiwaye ban ga Inna ba. Ashe suyar masa ce ta tsayar da ita, don a ganinta ba a zuwa wurin aikin ɗa hannu rabbana. Tambayoyina bayan hutun rana ne, saboda haka da aka tashi na tsaya na ƙara duba takarduna, sannan na fito nemanta. Na duba benenmu babu ita. Na sauka ƙasa wajen da ake sayar da abinci, na zagaya wani lungu, sai na ji ƙamshin yaji.

Ga Inna a kan benci, ta sha leshinta na zuwa biki, ta buɗe kwano a kan cinya. Kusa da ita wata mata ce mai matsakaicin shekaru da ɗan mayafi, ta dangwali yaji da masa tana kaiwa baki. Na san fuskar nan sarai. Kullum tana zaune a layin gaba na juri tana kallona. Lokacin zaɓensu ta ce a Ghana aka haife ta, aikin kula da tsofaffi take yi, kuma ban taɓa kawowa tana jin Hausa ba.

Inna ta hango ni, fuskarta ta washe. Ta ɗaga hannu ta ce, "Yauwa, ga ɗiyar tawa da na zo gani."

Matar ta ɗago. Na ga lokacin da ta gane ni, masa a hannu, baki a buɗe. Ta ajiye ragowar a kan murfin kwanon a hankali, ta miƙe, ta wuce ta gabana ba ta ce uffan ba. Ni ma ban ce ba.

"Ikon Allah," in ji Inna. "Mi na yi mata? Mutum ya ci abincinka ya tashi ko sallama babu?"

Na zauna a inda matar ta tashi na yi wa Inna bayani. Na ce wannan tana cikin masu yanke hukunci, kuma abin da ya faru yanzu zai iya rushe shari'ar gaba ɗaya. Inna ta rufe kwanon. Ta ce a banɗaki suka haɗu, ta fito da 'yar butarta daga jaka za ta yi alwala, sai matar ta ce da ita da Hausar Zango irin ta Ghana, "Hajiya, in ka gama ka ara mini." Suka yi sallar azahar tare a lungun, shi ke nan sai gaisuwa. Takardar shaidar juri da ke manne a ƙirjin matar kuwa, Inna ta ɗauka ta wurin aiki ce.

Ba zan ɓoye muku ba, na dubi lungun nan dama da hagu, babu kowa. Zuciya ta ce mini wa ya gani? Ki yi shiru, ki hau ki yi tambayoyinki. Tunanin bai daɗe ba, amma ya zo. Inna ce ma ta katse shi, ta miƙe tana gyara mayafi ta ce, "To tashi mu je mu ba alƙalin haƙuri. Akwai sauran masa, sai a kai mashi." Na ce Inna, don Allah ki bar kwanon nan a rufe.

Na sami ogana na gaya masa komai a tsaye. Ya cire tabarau ya murza ido, ya tambaye ni abin da suka tattauna. Na ce gaisuwa. Ya ce gaisuwa kawai, tsawon hutun nan? Na ce ai bai san Inna ba. Ya ce to mu je, kuma da bakina zan faɗa wa alƙali kafin a dawo da juri.

Alƙaliyar mace ce, ba ta da yawan fara'a. Ta kira mu ɗakinta da lauyoyin ɗaya ɓangaren da mai rubuta duk abin da aka faɗa. Na tsaya na zayyana abin da na gani. Ina rufe baki lauyan ɗaya ɓangaren ya miƙe, har wani haske fuskarsa take yi, don shari'ar ba ta yi musu daɗi a kwanakin. Ya ce a rushe ta. Ya ce babu mai hankalin da zai yarda mata biyu sun zauna kusan rabin hutu, ɗaya uwar lauya ɗaya 'yar juri, a ce ba su taɓo zancen shari'a ba.

Alƙaliya ta ce a shigo da Inna. Ni ba zan yi mata tafinta ba tunda ina cikin maganar, sai aka kira wani tafinta ta waya aka buɗe sifika a kan tebur. Muryar wani bawan Allah ta fito, daga jin Hausarsa Bakano ne. Aka rantsar da shi, aka ce ya gabatar da kansa ga Inna. Ya yi kuskuren cewa, "Hajiya, ina wuni."

Ai kuwa ya taɓo inda yake mata ƙaiƙayi. Inna ta matso kusa da wayar ta ce lafiya lau, ina gajiya, ina aiki, ya iyali, ya yara, ya sanyin garin nan, ya labarin gida, ana jin lafiyarsu? Shi kuma ɗan halak bai iya katse babba ba, yana ta amsawa, lafiya ƙalau Hajiya, alhamdu lillahi Hajiya. Na sunkuyar da kai ina jin kamar ƙasa ta buɗe. Alƙaliya ta ɗaga hannu ta tambayi tafinta me ake tattaunawa. Ya ce, ranki ya daɗe, gaishe ni take yi. Ta ce har yanzu? Ya ce ai ba ta kai rabi ba.

Daga nan aka shiga tambayoyi. Alƙaliya ta ce Inna ta faɗi duk abin da suka ce da matar, kada ta tsallake komai. Inna kuwa ba ta tsallake ba. Ta tambaye ta gajiya, ta ce babu gajiya. Ta tambaye ta maigida, ashe ya rasu, sai da ta yi mata ta'aziyya suka yi masa addu'a. Ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya. Daga nan aka gano kakar matar daga Katsina ta tafi Kumasi fataucin goro, to dole a tsaya a bi dangi ko za a haɗu a wani wuri. Mai rubutu yana ta buga duk wannan a cikin kundin kotun tarayya, har da ciwon gwiwar Inna da man da take shafawa.

Lauyan ɗaya ɓangaren ya ƙosa, ya ce a tambaye ta ko ta faɗa wa matar abin da ya kawo ta kotu. Da tafinta ya juya mata, Inna ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Yaro, daga haɗuwa da mutum sai ka hau gaya mashi abin da ya kawo ka? Ai ba mu kai nan ba. Muna kan dangin uwarta ɗiyata ta iso." Na ga kafaɗun ogana suna rawa, ya rufe baki da hannu kamar mai tari.

Sai alƙaliya ta faɗi abin da ban taɓa zata ba. Ta ce tun kafin mu shigo, matar ta riga ta je ta gaya wa jami'in kotu duk abin da ya faru, kuma ita alƙaliyar ta zauna ne tana jira ta ga ko za mu zo da kanmu. Ta dube ni ta saman tabarau. An kira matar ita kaɗai, ta ba da labari iri ɗaya da na Inna, har da kakar tata mai goro.

Hukuncin bai yi tsawo ba. Shari'a ba za ta rushe ba. Matar dai za a sallame ta tunda ta ci abincin uwar lauya, sauran juri sun isa a ci gaba da su. Inna tana iya zama ta kalla, da sharaɗin kada ta ƙara gaida kowa a cikin ginin nan har a gama. Da tafinta ya faɗa mata, ta dafe ƙirji ta ce, "Ko mai gadi?" Aka ce ko mai gadi. Ban taɓa ganin an yi wa Inna horon da ya shige ta kamar wannan ba.

Na yi tambayoyina da yammar nan. Abin mamaki, tsoron da na kwana ina yi wa injiniyan nan duk ya tafi, don na riga na ga abin da ya fi shi. Na bi shi a hankali har ya amsa da bakinsa cewa sun ga dabarar kamfaninmu kafin su fitar da tasu. Duk lokacin da na juya ina hango Inna a bencin baya, ta dantse leɓe, mutane na wucewa tana bin su da ido kamar mai azumin magana. Bayan kwanaki juri suka ba mu gaskiya. Matar nan kuwa, da aka gama komai ta nemo shagon Inna a Harlem da kanta, ta ce ta zo ba da haƙurin tashin da ta yi babu sallama, kuma har yau tare suke zuwa suna da biki.

Na yi shari'o'i da yawa bayan wannan, na ci wasu na faɗi wasu, na kuma horar da ƙananan lauyoyi. Abin da nake fara gaya musu shi ne abin da ranar nan ta koya mini. Idan abu ya ɓaci a hannunka, ko ba laifinka ba ne, ka ɗauke shi da ƙafarka ka kai inda ya kamata tun yana da zafi, kada ka tsaya lissafin wa ya gani. Da na bi waccan muryar da ta ce in yi shiru, da shari'ar ta rushe, da lasisina ma sai Allah. Na shiga ɗakin alƙaliyar nan ina ganin ƙarar kaina na kai, ashe shigar ce ta cece ni.