Auta a Ruwa

Duk mai zuwa gidan abincin nan na bakin tafki ya san Kaka Mai Suya, ko da bai taɓa ganin fuskarta ba. Kifinta ne ke kwaso mutanen birni, su cika rumfar katakon da aka kafa a kan ruwa, suna ci suna santi. Ita kuwa tana can baya a madafa, ta juya wa tafkin ƙeya. Tun ranar da kwalekwalen mijinta ya dawo babu shi a ciki, ƙafarta ba ta sake taka katakon nan ba. Tsoro take ji, ba ta kuma ɓoyewa. Abokan aiki sun yi mata tsiya har sun gaji.

Gidan yana da al'ada: kifin da bai kai ba, ba a yanka shi. Auta suke ce masa. Mai kwasar kifi zai sanar, sannan ya mayar da shi tafki. Kaka ta fi kowa sanin haka. Sai dai ran Asabar ɗin nan an bar mata jikarta, 'yar shekara huɗu, wadda a gida ba a kiranta da komai sai Auta.

Tana tsakiyar suya ta waiwaya, ta ga tabarmar yarinyar wayam, sai takalmi ƙafa ɗaya. Daidai nan murya ta taso daga ƙarshen rumfa:

"Auta a ruwa!"

Kaka ta zabura. Ta yar da cokali ta kwasa a guje, tana ture kujeru, tana salati, katako na ƙara a ƙarƙashinta. Ta cakumi rigar mai kwasar kifi.

"Ina take? Ta ina ta faɗa?"

Mutumin ya yi sororo. "Haba Kaka, 'yar tarwaɗa ce fa na mayar!"

Sai ta ji an ja zanenta. Ga Auta ta fito daga ƙarƙashin tebur, baki duk maiƙo. Kaka ta zube ta rungume ta. A nan ne ta lura da inda take: ta tsakanin katakai, ga ruwan nan baƙi ƙirin yana motsi. Tashi ya gagara.

Yarinyar ta kama yatsanta.

"Kaka, rufe idonki. Ni zan kai ki."

Kaka ta rufe.