Kalma Ɗaya a Sashe na Tara

Yayata tun tana ƙarama ba a cinta da gardama. In Baba ya ce, "Za ku iya fita wasa," sai ta tsaya ta tambaye shi, za mu iya ne ko mu fita? Shi ya fara ce mata Lauya don tsokana, sunan ya bi ta har ta sa baƙar rigar lauyoyi da gaske.

Ofishinta ɗaki ɗaya ne a saman shagon gyaran waya, da fanka mai kuka da kabad ɗin da ba ya rufuwa. Ni nake buga mata takardu. Masu hannu da shuni ba sa hawa matakalarmu, wai gwiwa. Masu hawa su ne irin su Inna, wata tsohuwa da aka kama ɗanta tela bisa zargin ya sayi keken ɗinki na sata. Aka kai shi gidan yari jiran shari'a, fayil ɗinsa ya yi ɓatan dabo, shi ke nan aka manta da shi.

Shekara uku Yaya tana safa da marwa a kansa. Sashe na tara na dokar jiha ya ce wanda ya yi wata shida a tsare ba shari'a, alƙali "zai iya" duba lamarinsa. Duk alƙalin da ta tsaya gabansa sai ya nuna mata wurin da yatsa: zai iya aka ce, ba dole ba. Ranar da alƙali na huɗu ya faɗa mata haka, ta dawo ofis ta kifa kai a tebur ta yi ta kuka. Ban taɓa jin tausayinta irin na ranar ba. Da ta ɗago sai ta ce, "Su wa ke rubuta kalmomin nan? Can za ni."

Mun ɗauka zafin rai ne, ashe da gaske take. Kamfen kuwa, Allah bai ba ta ba. A ce ta yi alkawarin titi, ta ce ɗan majalisa ba ya zuba kwalta. Zaɓen farko ta sha ƙasa warwas. Na biyu ta ci da ƙyar da jiɓin goshi, kuma ni na san matan da suka hau matakalar nan ne suka kai ta. Duk tsawon shekarun nan babu watan da ya ƙare ba ta je ta ga telan ba.

A majalisar jiha suka laƙaba mata Honarabul Dole. Ƙudirinta na a mayar da "zai iya" ta koma "dole" bai cika shafi ba, amma ya shekara biyu a kwamiti. Wata rana shugaban kwamitin ya ce mata, "Ranki ya daɗe, duk wannan tayar da jijiyar wuyan a kan kalma ɗaya?"

Ta ce, "Ranka ya daɗe, kalma ɗayar ce ke riƙe da mutum shekara tara. Taho in kai ka ka gan shi."

Ya bi ta don kunya. Da suka dawo, shi ya fara miƙewa ya goyi bayan ƙudirin.

Wata biyu bayan an sa wa dokar hannu, alƙali ya sallami telan, muka ɗauki Inna zuwa ƙofar gidan yarin. Idonta ya yi rauni, sai da ta shafa fuskar ɗanta sannan ta yarda shi ne. Yaya ta tsaya can jikin mota, ta kasa matsowa. Telan ya zo zai durƙusa mata, ta ce, "Tashi, don Allah. Ni ce zan ce ka yafe mini, na daɗe."

Ya ce, "Lauya, akwai mutum arba'in a ciki, ba mai zuwa wajensu. Sun ce in tambaye ki, dolen nan har da su?"

Ta goge ido da gefen mayafi. "Har da su," ta ce. Ta juyo gare ni. "Ciro takarda. Malam, faɗo sunayen, a hankali."