Soron Malam Sabo Na Yoyo

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka kai Malam Sabo magini makwancinsa. Ni ne abokinsa na Mandawari, mai tattaka masa ƙasa. Karatuna na yaƙi da jahilci ne, shi ma ban ƙarasa ba, don haka a yi haƙuri da alƙalamina.

Duk wanda ya taɓa cin abinci a babban soron tsohon otal ɗin nan na manya, a ƙarƙashin hannun Sabo ya tauna. Shi ya ɗaure bakan gizon da ke riƙe da rufin, shi ya zana bangon da ɗan yatsa tun ƙasa na ɗanya. Ranar buɗewa muka sha wanki muka je. Manaja ya tare mu a ƙofa, ya dubi fason ƙafarmu, ya ce leburori ta baya ake sallamarsu. A allon da suka kafa kuwa, sunan injiniya ne kaɗai. Sabo ya ce mini, "Bar su, Ilu, ƙasa ta san mai ita." Shi ya yafe. Ni ba a yi ni da wannan halin ba.

Kafin mu tafi Sabo ya gaya musu a riƙa shafe rufin da makuba, jiƙon ɓawon ɗorawa, duk shekara biyu. Suka ce wari take, suka lafta siminti. Siminti ya tsage, ruwa ya sami hanya.

Yanzu soja sun koma bariki, farar hula sun dawo da yunwarsu. Kullum liyafa a soron, ana yanka tuwo da wuƙa, ana nuna wa baƙi bangon ana cewa gadon kakanni. Da Sabo zai leƙo, ban sani ba ko dariya zai yi, ko rufin zai tsaya yana kallo. Don makon jiya ɓaraguzai sun faɗo cikin miyar wani ɗan majalisa.

Sai ga Manaja a zaurena, ya zama shugaban otal ɗin, har da durƙuso.

"Baba Ilu, an ce kai kaɗai ka rage da ka san haɗin makubar nan."

"Alhaji, ai fason nan bai warke ba."

Duk da haka na je, ta ƙofar gaba. Na ci kaza biyu da hannu, na suɗe, na ɗaga kai na ce lalle aiki ya ɓaci. Rama cuta ga macuci ibada ne, ni kuwa ibadata ba ta da yawa, ba zan bar wannan ta wuce ni ba.

Sabo bai bar ɗa ba, bai bar gida ba. Soron nan ne kaɗai shaidar ya zo duniya, kuma na san in ya rushe har da ni a laifin. Wannan na ci mini rai. Amma sharaɗina ɗaya ne: a rubuta sunansa a saman na injiniya, da manyan baƙaƙe yadda ko ni zan iya karantawa. Ran da na karanta, ran nan zan jiƙa makuba. Allah Ya ji ƙan Sabo. Su kuwa su duba gabas, hadari ya fara haɗowa.