Takarda ta Biyu

A ɗakin wankin ƙoda a garin Ruse, wata ma'aikaciya mai furfura tana tsoma 'yar takardar gwaji a ruwan ɗaurayar na'ura. In ta rine, da sauran maganin wanki a inda jinin mutum zai bi. Hannuwanta duk sun yi kanta, da gani ta daɗe a aikin. Takardar ta fito fara tas, ta sake tsoma wata.

"Haba ƙanwata, motar ƙauyenmu ba ta jira!" in ji wani tsoho da ke jiran a yi masa wankin.

"Na'urar Kawu Stoyko ce, sai ya ga biyu yake yarda."

"Ai jiya aka liƙa sanarwar rasuwarsa a ƙofar coci."

"Na sani," ta ce, tana nuna wa kujerar da Kawu Stoyko ya saba zama takardar.