Neman Wanda Ya Ɓata Mini Faifai a Gashuwa

Mun tashi daga Kano ana idar da sallar asuba, ni da yayata da direban da na ɗauka shata, a cikin wata tsohuwar Fijo da ƙofarta ta baya sai an ɗaure da igiya. Ban gaya wa kowa a kasuwa inda za ni ba. Ko yarana na rumfa ce musu na yi za ni gaisuwar mutuwa Haɗeja.

Dalilin ɓoyewar shi ne wannan. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina sana'ar kayan hannu: faifai, tabarmar kaba, malfa, ƙwarya mai zane, buzu. Da kaina na fara, ina tallansu a ƙofofin otal, har Allah ya sa na yi rumfa. Babbar mai sayen kayana wata Madam ce mai kanti a unguwar Turawa, inda baƙi ke sayen tsaraba, manyan ma'aikata kuma ke sayen abin ƙawata falo. Da daminar bana ta aiko aka kira ni. Wani baƙonta ya jera faya-fayaina a bangon falonsa, danshi ya kama bangon, rini ya zubo, kore da ruwan hoda, ya yi layi-layi a kan farin fenti. Ba ta ɗaga murya ba. Cewa kawai ta yi ta ba ni wata ɗaya in zo mata da bayani, in ba haka ba akwai wani mutumin Bida da ya daɗe yana yi mata zarya. In na rasa Madam, rabin cinikina ya tafi.

Faya-fayan nan duk daga hannun mutum ɗaya suke zuwa, Malam Modu, dillalina na Gashuwa. Shi ke bi gida-gida wajen mata masu saƙa ya tara, ya ɗoro a motar kifi. Ni ban taɓa ganin masu saƙar ba. Abin da raina ya ba ni shi ne Modu ya fara cakuɗa mini kaya, yana sayen na banza da araha yana saka mini a farashin mai kyau. Shi ya sa na ɗauko yayata, don ita za ta iya shiga cikin gida, ni kuwa iyakata zaure. Na kuma sa farin ƙyalle da 'yar gorar ruwa a aljihu, duk faifan da na gani in goga.

Hanya daga Kano zuwa Gumel da sauƙi. Daga Malam Madori ne aka fara rawa. Gidajen mai duk a rufe, sai masu jarka a bakin titi, kowa na ɗaga mazurari. Direba ya tsaya wajen wani, na ce a zuba mini kaɗan a tafin hannu tukuna. Ya daɗe bai bushe ba, ga maiƙo. Na ce da mai jarkar, "Wannan na mota ne ko na fitila?" Ya rantse har da kabarin kakansa. Muka yi gaba muka saya wajen wani, wanda shi ma ban yarda da shi ba, sai dai nasa ya fi saurin bushewa.

Bayan Birniwa ƙasa ta buɗe. Gero an yanke an kafa buka-buka a gonaki, itatuwan goruba tsaye nan da can, ƙananan kabobi kuma sun rufe ƙasa har iyakar gani. Duk faifan da ke rumfata daga wannan ganyen ya fito, na kuwa daɗe ban gan shi a raye ba. Da muka kusa Nguru sai ruwa ya bayyana dama da hagu, ciyawar nan da suke kira kachala ta cinye shi, ta fi mutum tsawo. Direba ya ce ita ce ta toshe hanyoyin ruwa, har gonakin wasu suka zama tafki.

Mun shiga Nguru da hantsi, ranar kasuwa. Garin na warin kifi banda da kanwa. Tashar jirgin ƙasa na nan da dogayen gine-ginenta, amma awaki ne kwance a kan dogo, wani dattijo ya ce rabonsa da jin kukan jirgi har ya manta. Yayata ta sayi kifi, kwali guda a kuɗin da ba zai saya maka rabinsa a Kano ba, ni kuwa na sa aka zazzage kwalin har ƙasa, don na san ana shimfiɗa ƙanana a gindi. Aka samu ba haka ba ne. Mai kifin, wani ɗan ƙabilar Manga mai fara'a, ya ce, "Alhaji, ko kana so ka ƙirga ƙayoyinsu ma?"

A layin masu kaba na shafe awa biyu. Na tsuguna ina jiƙa ƙyalle ina gogawa, matan na kallona suna magana da Barbarci suna dariya. Abin da na gani ya ƙara ɗaure mini kai. Faya-fayan Nguru masu ja da baƙi ne, da farin kaba, ko ɗigon rini bai fito a ƙyallena ba. Mai kore kuwa ko ɗaya ban gani ba a duk layin. Na ce a raina, wato ana nan ana yin mai kyau, ni ne kawai ake zaɓo wa na banza.

A wajen mai shayi wani mutum ya ƙura mini ido, can ya ce, "Kai ba Alhajin faifai ba ne na Kano?" Yaron motar kifi ne, babban mutum da gemunsa, ya sha sauke mini kaya. Na amsa a daƙile. Ya tambayi inda muka nufa, na ce zagaye kawai. Ya ce Allah ya kiyaye hanya, ya kurɓe shayinsa da sauri ya tashi. Ban ji daɗin saurin nan ba.

Muka kwana a Nguru gidan wani ɗan kasuwa da iyayensa suka zo daga Kano tun zamanin gyaɗa. Da safe muka kama hanyar Gashuwa. Wannan hanya dai sunan kwalta ne da ita. Direbobi sun bar ta sun yi tasu a gefe, cikin rairayi, in ka ga mota a kan titin to baƙuwa ce. Sau biyu muka kafe kafin Jajimaji, sau biyu muna fita muna turi, yayata na zaune a ciki tana ba mu umarni. A Jajimaji muka sha fura da nono mai tsami sosai, muka wuce.

Muna isa tashar Gashuwa, wa zan gani tsaye da lema in ba Malam Modu ba. Dogo ne, siriri, da zanen Barebari a fuska. Ya tare ni da gaisuwarsu ta Barbarci.

"Wushe, wushe, Alhaji! Tun jiya aka ce mini kana tafe."

Na ce a zuciyata, ai na sani. Kwana guda cur ya samu na gyara abin da zai gyara.

Ya kai mu gidansa, aka kawo burabusko da miyar kifi, abinci mai daɗi ƙwarai, amma ni ina ci ina lissafi. Na gaya masa abin da ya faru da bangon baƙon Madam, ina kallon idonsa. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ashsha." Bai yi mamaki ba ko kaɗan. Na ce ina so a kai ni wajen masu saƙar. Ya ce rana ta yi zafi. Da la'asar ya ce bari mu fara ganin kogi. Muka je muka ga kogi, da masunta, da buhunan tattasai ana lodi. Washegari ya ce matan sun tafi suna. Ya ce in ba shi kwana biyu, shi zai je ya yi musu magana, ba sai na wahala ba.

Yayata ce ta katse zancen. Ta yafa mayafinta ta ce, "Malam Modu, ni sunan ma zan je. A nuna mini gidan, in yi barka."

Ya ɗauki lemarsa ya shige gaba.

Unguwar tana bayan gari, gidajen zana da na ƙasa. Ko'ina ka duba kaba ce a shanye, an tsaga ta siri-siri. A ƙofar wani gida muka tsaya, yayata ta yi sallama ta shige, mu muka zauna a zaure. Ba suna ake yi ba, ba komai. Modu bai dube ni ba. A gefen zauren na hango wata tsohuwar tukunya da bakinta ya rine kore shar, kusa da ita ga 'yan takardun garin rini irin na kanti, an yage an yar. Na nuna masa da baki. Na ji kamar na kama ɓarawo da kaya a hannu.

Can sai ga yayata ta fito, bayanta wata tsohuwa 'yar Bade, gajera, hannayenta jajaye har wuyan hannu. Ita ce uwar masu saƙar unguwar, ta wuce shekarun kulle. Yayata ba ta gaya mata ko su wane ne mu ba, ta ce dai masu saye ne daga nesa. Tsohuwar ta ajiye faifai biyu a gabana, Hausarta na fita da nauyi.

"Wannan namu ne. Ja, karan dafi da kanwa. Baƙi, bagaruwa da taɓon kogi, kwana uku a binne. Ka jefa shi a rijiya ka ciro, yana nan. Shi muke jera wa 'ya'yanmu a ɗaki." Ta tura ɗayan da ɗan yatsa, kamar ba ta son taɓa shi. "Wannan kuma na Bakano ne."

Na ce, "Wane Bakano, Iya?"

"Oho. Wani ne can, ba mu taɓa ganinsa ba. Shekara uku ke nan ya aiko da guntun atamfa, kore da ruwan hoda, wai irin wannan launin Turawa ke so. Muka ce da Modu kore ba ya zama a jikin kaba, ba mu da itacen da ke ba da shi, sai garin kanti, shi kuwa ko gumin hannu yana ɗaga shi. Modu ya aika masa. Ka san abin da ya aiko? Wai shi ciniki ya sani, ba rini ba, a yi masa abin da ya ce." Ta tafa hannu. "To, muka yi masa. Duk unguwar nan ba mai rufe ƙwaryar furarta da shi. In yarinya ta yi saƙar ganganci ma cewa muke, ke, na Bakano kike yi?"

Atamfar nan na san ta. Ni na yanko ta da almakashi daga ragowar ɗinkin iyalina, ranar da na ga wata Baturiya ta ɗaga wani gyale mai irin launin tana yabawa. Maganar ma tawa ce, ban canza ko kalma ba. Direban motar kifi ne ya kawo mini saƙon ina tsakiyar ciniki, na ba shi amsa ban ko waiwayo ba, na manta.

Yayata ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa don dariya. Modu na ta kallon ƙasa. Sai a lokacin na gane kewaye-kewayen kogi da sunan ƙarya. Ba kayansa yake ɓoyewa ba, sunan da aka sa mini ne ba ya so in ji.

Tsohuwar ta ce, "In kun san shi a can, ku gaya masa ya ji tsoron Allah, yana sa mu aikin kunya."

Na ce, "Iya, ya ji. Ni ne."

Ta dube ni tun daga hula har takalmi, ba ta ko ji nauyi ba. "Kai ne? Ikon Allah. Ga ka kuwa da fuskar masu hankali."

Na ce daga yau an daina kore. Ta ce ba a gaggawa da karan dafi, abin da suke yi mini a wata ɗaya yanzu sai wata biyu, kuma kuɗin ba zai zama ɗaya ba. Na yi ciniki, don ciniki ba ya faɗuwa saboda kunya, amma ban matsa ba. Na sayi guda ashirin daga na ɗakunansu, waɗanda suka yarda su rabu da su. A hanyar komawa tasha na ce, "Malam Modu, na zo da mugun zato a kanka, ka yafe mini." Ya ce, "Ai na gani tun a wajen cin abinci, Alhaji. Ko ƙashin kifin sai da ka juya." Na ce amma da ya sake aiko mini saƙo na biyu. Ya ce, "Wanda ya ƙi jin na farko?"

Mun iso Kano washegari da la'asar, motar na warin kifi, bayana kamar an yi mini duka. Ban huta ba sai da na je wajen Madam na gaya mata komai yadda yake, ban jingina wa kowa ba. Ta ce in biya fentin baƙonta, na biya. Ta karɓi guda ashirin ɗin, ta ce za ta ci gaba da sayen ja da baƙi a wurina, amma masu son launi mai haske suna da yawa, wannan ɓangaren za ta ba mutumin Bida. Kashi ɗaya cikin uku na cinikina da ita ya tafi ke nan, kuma ban ga wanda zan kai ƙara ba.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba wai in daina zargi ba ne. Ɗan kasuwar da ba ya zargi ba ya daɗewa, gobe ma in aka kawo mini kaya sai na kwance ɗaurin har ƙasa. Amma na bincike mai, na bincike kifi, na bincike mutumin da ya shekara goma sha ɗaya bai ci mini ko sisi ba, na yi tafiyar kwana huɗu a kan muguwar hanya, ban taɓa tsayawa na tambayi kaina me na ce a yi ba. Yanzu in mai sana'a ya aiko mini cewa abu ba zai yiwu ba, nakan ajiye cinikin da ke gabana, in ba ɗan saƙon kujera, in ce ya maimaita.